Baƙo na Goma Sha Tara

Yarina ta sake ƙirga kawunan da ke cikin motar. Sha takwas. Ta faro daga baya ta dawo gaba, sha takwas ɗin dai. Da safe kuwa mutum sha tara ta sauke a wannan gonar gama-kai.

Malaman makaranta ne da 'yan ƙwadago daga Ostireliya, sun zo ganin yadda gurguzu ya gyara rayuwar talakan Yukiren. Kwana goma sha ɗaya tana yi musu tafinta, daga masaƙa zuwa asibiti zuwa gidan renon yara. Wannan ne aikinta na farko da baƙi, an kuma ja mata kunne a ofis cewa baƙo ba ya taka ko'ina sai inda takarda ta ce.

"Wa ya rage?" in ji Kwamared Hurko, murya ƙasa-ƙasa. A takarda shi mataimakin direba ne, amma ba wanda ya taɓa ganin hannunsa a kan sitiyari.

"Mista Walski. Ina jin zagayawa ya yi."

"Minti ashirin, Yarina Pavlivna. In suka wuce, ba ke za ki neme shi ba. Ke ma kuma akwai masu son jin ta bakinki."

Ta san abin da yake nufi. Bara wata tafinta ta ɓatar da baƙo na awa ɗaya a birnin Harkiv. Har yau teburinta babu kowa, ƙaninta ma an sallame shi daga jami'a. Yarina tana da ƙane a makarantar likitanci, saura masa shekara guda.

Ta sauka da gudu.

Duk cikin baƙin Walski ne bai taɓa ba ta wahala ba. Kafinta ne, ya doshi sittin, fasfonsa ya ce a Folan aka haife shi. Abokan tafiyarsa sun ce shekara goma sha huɗu bai taɓa fashin taron ƙungiyarsu ba, shi ya sa aka zaɓe shi. Ba ya tambaya, ba ya ɗaukar hoto. Wani lokaci in aka yi raha yakan yi murmushi kafin ta gama fassarawa, ita kuwa ta ɗauka ladabi ne irin na dattijo. Ɗazu a zauren taro shi ne a sahun gaba lokacin da Odarka, mai tatsar shanun da ta fi kowa lambobin yabo, ta ba da labarin yadda mijinta ya mutu a fagen yaƙi a gaɓar kogin Dnifro, gonar ta yi mata renon 'ya'ya biyu. Littafinsa a buɗe yake a gwiwarsa, bai rubuta komai ba.

Ta leƙa garken shanu, babu shi. Ta duba ɗakin madara, da makaranta, har cikin rijiya ta leƙa. Wata mata mai wanke garwa ta nuna mata hanya da haɓa.

"Mai malafa? Tsohuwar unguwa ya nufa."

Tsohuwar unguwa ba ta cikin takarda. Can rufin ciyawa ne da taɓo, abin da aka kwana biyu ana kewaye baƙi don kada su gani. Dunduniyar takalminta ta karye, ta cire su duka biyun ta ci gaba.

A gidan ƙarshe ta hango malafarsa ta taga. Ta jijjiga ƙyauren shinge ya ƙi buɗuwa, sai da ta laluba ta gano wata igiya a ɓoye bayan dirka. Da za ta shiga ɗakin ta buga goshi a ƙofa, don gajeriya ce.

Walski yana zaune a tebur, gabansa baƙin burodi da gishiri da kwanon miyar kabeji. Odarka tana tsaye wajen murhu ta juya baya, ludayi a hannunta.

"Iya, ki yi haƙuri," in ji Yarina tana haki. "Baƙo ne, ɓata ya yi. Ba ya jin yarenmu."

"Bar shi ya ƙarasa miyar, 'yata."

"Iya, in suka same shi a nan, daga ni har ke mun shiga uku."

Ta juya gare shi ta roƙe shi da Turanci, hawaye na zubo mata, ta ambaci ƙaninta. Ya ajiye cokali, ya tashi, ya miƙa wa tsohuwar hannu kamar yadda baƙi suka yi a zauren taro. Sun daɗe ba su saki ba. Ya sunkuyar da kai ya fita, bai ko kalli ƙofar ba.

Hurko yana tsaye a bakin mota, agogo a hannu.

"Cikinsa ne ya ɓaci," Yarina ta ce. "A bayan garke na tsince shi."

"Da wa ya yi magana?"

"Da wa zai yi, Kwamared? Ko sannu bai iya ba."

Hurko ya kalli ƙafafunta da suka yi taɓo har idon sawu, ya kalli Walski. Ya mayar da agogon aljihu.

Mota ta tashi. Baƙi suka kama waƙa, wani malami yana faɗa wa na kusa da shi cewa bai taɓa ganin mutane masu kwanciyar hankali irin waɗannan ba. Yarina ta koma kujerar baya ta zauna.

Walski ya zo ya zauna kusa da ita, fuskarsa a taga. Sai da injin ya yi ƙara a wani hawa sannan ya yi magana, ba da Turanci ba, da yaren Yukiren irin na ƙauye, irin wanda kakarta take yi.

"Na gode, 'yata. Kin fassara jawabinta da kyau. Abu ɗaya ne kawai ta faɗa ba daidai ba, kuma ba laifinta ba ne, haka aka rubuto mata. Ban mutu a Dnifro ba."