Amsar Atishawa

Shekara uku ke nan da aka ɗaura na'urar sauraro a kan kowane turken fitila na unguwar saboda annoba. Duk wanda ta ji ya yi tari ko atishawa, farar mota za ta zo ta kai shi wurin killacewa. An tafi da mai shayin layin su Sagiru tun kaka, har yau teburinsa a kife yake.

Da hantsi Sagiru ya riƙo mahaifinsa, Malam Haladu, zuwa wurin rabon sabulu da takunkumi. Tsohon ya makance, amma kunnensa ras.

Suna cikin layi hancin Sagiru ya fara ƙaiƙayi. Ya cusa fuska cikin hannun riga, ya danne atishawar har ya yi ƙwalla. Na'urar ba ta ji ba. Ya yi hamdala ƙasa-ƙasa.

"Yarhamukallah," in ji tsohon da ƙarfi, yadda ya saba shekara saba'in.

Mutane suka ja da baya. Fitilar turken ta koma ja.

"Baba," in ji Sagiru.

Malam Haladu ya saki hannun ɗansa, ya ɗaga fuska sama.

"Ni ne," ya ce. Sai ya fara ƙaƙalo tari.