Iskan Ƙafar Hagu

Jijiyar ƙafarsa ta hagu ta sake murɗewa da tsakar dare, yadda ta saba tun da ciwon suga ya kama shi. Tsohon ya fito tsakar gida, ya dafa turmi yana miƙar da ƙafar, kamar yadda lokotoro, likitan Faransawa na Maraɗi, ya koya masa. Yana gurnani yana tsalle har ciwon ya lafa. Bai ga maƙwabciya na leƙe ta danga ba.

Kafin hantsi rabin garin Tsibiri na ƙofar gidansa, har da mai goge, suna tambaya.

"Baba, wane iska ya hau ka jiya? Mi yake biɗa?"

Ya buɗe baki zai ƙaryata, sai ya hango zakaru uku a hannunsu. Ya kaurara murya.

"Romo yake biɗa. Kuma ku sani, kullum dare yana zuwa."