Sunan Ɗan Fari

Na'urar hukuma ta kayar da ni sau biyu a bitar shugabanni. Yau ne zama na uku, na ƙarshe. In na sake faɗuwa, za a karɓe sarautar Sarkin Maƙera daga gidanmu, rumfunanmu goma sha bakwai su koma hannun na'urar.

Shekara talatin ina raba rigimar maƙera, amma doka ta ce sai da takardar bita.

Aka zaunar da ni gaban allonta. Ɗana na fari, wanda shi ma ya fara furfura, yana tsaye a bayana.

Na'urar ta ce, "Darasi na tara. Shugaba nagari ba ya ɓoye zuciyarsa. Dubi magajinka, ka kira sunansa, ka ce kana alfahari da shi."

Tun da aka raɗa masa suna ban taɓa furta shi ba. Ubana ma bai taɓa furta nawa ba. Kunyar ɗan fari ke nan a gidanmu.

"Baba, don Allah," in ji ɗan nawa. "Mutum arba'in ke cin abinci a rumfunan nan. Ka faɗa, na yafe."

"Ba kai ke yafewa ba."

Na'urar ta ce, "Ranka ya daɗe, ina da muryarka. Gyaɗa kai kawai, in faɗa a madadinka." Sai ta yi gyaran murya irin nawa sak.

Na laluba sandata na miƙe.

"Ba zan faɗa ba. Ke ma ban yarda ki faɗa ba."