Lamba Takwas

Karo na uku ke nan Atiku yana danna lamba takwas, talabijin ɗin ba ta nuna komai sai fari-fari mai tsalle kamar tsakin shinkafa a faifai. 'Yar fitilar kwamfutar kuwa tana nan ja, a kunne.

Kulu, 'yar shekara biyar, ta ɗaga kai ta dube shi. "Baffa, Baba fushi yake da ni?"

Kwamfutar ta yayansa ce, Abdussamadu, malamin lissafi a nan Birnin Kebbi, wanda ya zo da ita daga karatu a Ingila a 1987. Ba ta da gilashin kanta. Allon madannai ne kawai mai gurbin kaset, sai a jona shi da waya a bayan talabijin, inda ake sa eriya. Kafin ciwon hanta ya kwantar da shi, ya tsara wa 'yarsa wani abu ya ajiye a kaset. In an sa kaset ɗin aka jira minti huɗu, sai wani kifi ya ratso gilashin, rubutu na biye da shi: SANNU KULU, BABA NE. CI ABINCINKI. Wata biyu da rasuwarsa, yarinyar ba ta kai loma baki sai ta ga kifin. Duk wanda ya shigo gidan sai ta gaya masa, "Babana yana lamba takwas."

Yau kwana biyu babu kifi, babu loma.

Atiku a firamare ya tsaya, albasa yake sayarwa. Amma marigayin ya rubuta masa yadda ake kunnawa a bayan wani littafi, shi ya bi layi-layi. Ya zare wayar, ya hura bakinta, ya mayar. Ya sa eriya, tashar Sakkwato ta fito tas a lamba ɗaya. Ya sake jona kwamfutar. Tsaki.

Maryamu, uwar Kulu, tana takaba, tana bin yarinyar da kofin kunu tana lallashi. Inno kuwa, mahaifiyar su Atiku, tana gindin zogale da 'yar rediyonta a kunne.

"Ku bar ta," in ji ta. "Yunwa za ta kawo ta."

Ba wanda ya yi mamaki. Abdussamadu ɗan farinta ne, tun haihuwarsa kunya ba ta bar ta ta kama sunansa ba, ranar jana'iza ma ba wanda ya ga hawayenta. In aka taru kallon kifin, ɗaukar tabarmarta take ta koma bayan ɗaki.

Washegari Atiku ya naɗe talabijin da kwamfutar a zani, ya shiga motar Argungu. Can Kalilu yake, mai gyaran rediyo, aminin marigayin. Kalilu bai ko ɗauko sukudireba ba. Ya buɗe wani ɗan murfi a ƙarƙashin lambobin talabijin ɗin, sai ga 'yan abin murɗawa guda takwas masu haƙora kamar bakin sule, kowace lamba da nata. Ya sa farce ya juya na ƙarshe a hankali. Tsakin ya lafa. Bayan minti huɗu kifi ya ratso.

"Ba abin da ya lalace," in ji Kalilu. "Murɗe shi aka yi har ƙarshe. Wanga abu ba shi juya kainai, Atiku. Kuma roba ce, haƙoran sun fara ci. In ya zarce, ko Sakkwato ba ka samun irinai."

Da marecen nan Kulu ta ci tuwo malmala guda.

Bayan kwana uku, hoton ya sake ɓacewa. Atiku ya gyara da kansa, sannan ya daka wa Kulu tsawa, ya ce ita ke wasa da murfin. Yarinyar ta yi kuka har ta amayar da ɗan abin da ta ci. Abin ya tsaya masa a rai. Ya samo salatif ya manne murfin.

Bayan kwana biyu ya tarar an ɓare salatif ɗin an mayar, a miƙe, babu ko tattara. Wannan ba aikin yaro ba ne. Da ya taɓa na takwas ɗin kuwa, sai da ya zille masa sau biyu kafin ya kama.

Zuciyarsa ta tafi ga Maryamu. Wataƙila rubutun ne ke fama mata ciwo, take so ya tafi gaba ɗaya. To amma da wane baki zai tuhumi matar yayansa tana cikin takaba? Ya ga gara ya gani da idonsa.

Ranar Alhamis da hantsi ya ce zai je Ambursa duba albasa. Ya bar babur ɗinsa a zauren maƙwabci, ya zagayo, ya shige bayan labulen da ya raba ɗakin marigayin biyu. Kulu ta bi yaran maƙwabta wasa. Gidan ya yi tsit.

Ya daɗe a tsaye, zufa na bin bayansa, kafin ya ji an turo ƙofa an mayar. Aka kunna talabijin. Aka danna lamba, tsakin ya cika ɗakin da shuu. Ya ji ƙarar ɓare salatif.

Ya leƙa ta gefen labule. Mai abin ba ta ko kalli kwamfutar ba, tana can a kashe, kaset a gefe. Da alama ba ta ma san da ita ake yi ba. Ta durƙusa, ta kara kunne jikin akwatin, tana murɗawa kaɗan-kaɗan, tana tsayawa tana saurare, yadda ake lalubar tasha a rediyo.

"Abdussamadu," in ji Inno, "fito in gan ka, ba kowa."