Mai Wainar da Ta Kankare Fatarta

Ku yaran yanzu kunnen ƙashi gare ku. Mutum ya yi ta magana har bakinsa ya bushe, kuna kallonsa kamar bai ce komai ba. Allah Ya suturta ku da fata, kun mai da ita gindin tukunya, kullum sai kankara. Na gaji da faɗa. Ga misali nan, mai ɗauka ta ɗauka.

An yi wata mai waina a bakin tasha, baƙa ce sumul, fatarta na sheƙi kamar sabon tulu. Ta gaji tanda a wurin uwarta, ta gaji gindin bishiyar da uwar ta zauna har ƙarfinta ya ƙare. Da wannan tandar take ci da 'ya'yanta. Uwar ta bar mata ƙa'ida ɗaya tak: kafin ta zauna gaban murhu ta shafa man kaɗe a fuska da hannuwa, in ta tashi ta wanke da ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu, ta sake shafawa. Saboda haka wuta ba ta damunta. Ko mai ya fantsamo mata, ba a jimawa wurin ya baje. Ana nan sai wata matafiya fara tas ta tsaya sayen waina, ta ƙare mata kallo, ta ce hayaƙi ne ya dafe ta haka, in da za ta goge dauɗar da ta ga ainihin launinta. Matafiyar ta hau mota ta yi gaba, maganar ta zauna. Mai waina ta koma gida ta dubi madubi, abin da ta saba gani tun tana yarinya ya koma mata dauɗa. Ta ajiye man kaɗe, wai shi ke ƙara mata duhu. Dilkar da ake yi wa amarya sau ɗaya a murje mata jiki, ita ta mai da ita aikin kullum. Ta ƙara da lemon tsami, da soso mai kaushi, da ruwan zafi, da wani haɗin mai na kwalba wanda ko suna ba shi da shi. Ta kuwa yi haske. Direbobi suka fara ce mata Balarabiya, tana juya waina tana murmushi.

Daɗin bai yi nisa ba. Wutar da ta girma a gabanta ta fara gasa mata kumatu, gumi in ya sauko sai ta ji kamar an zuba mata barkono. Fuskar ta bushe, ta fara saɓa. Nan ne ta yi babban kuskuren: da ta ga fata na tashi fari-fari, sai ta ɗauka sauran dauɗar ce ke fita, ta ƙara ƙarfin soso. Kumatu suka yi ja, suka tsage. Wata safiya mai ya tartso mata a bayan hannu, ɗigon da a da ko kallonsa ba ta yi, ya zama gyambo ya ƙi warkewa. Masu saye suka fara duban hannun da ke ɗauko musu waina, suna cewa sun ƙoshi. Sai ta tafi wurin ƙanwar uwarta, wata tsohuwa mai sayar da man kaɗe. Tsohuwar ta juya fuskar nan ta dube ta a haske, ta ce, "Ba dauɗa kika kankare ba, 'yar nan, yaɓen ɗakinki kika kankare. Ɗakin da ba yaɓe kuwa ko yayyafi cin sa yake." Ta sa ta zubar da kwalbar, ta raka ta asibiti aka duba gyambon. Ta ce daga yau ba soso, ba tsami, ba ruwan zafi. Ta ce ta riƙa wankewa da tafin hannu, ta shafa mai tun jikin da danshi, ta guji rana, kuma kada ta kusanci murhu sai fatar ta rufe kanta, don abin da aka ɓata a hankali ba ya gyaruwa da gaggawa. Mai waina ta ba wata maƙwabciya aron tanda da gindin bishiya ta zauna a ɗaki. Amma zaman ya ishe ta, ga kuma hasken yana gudu tana kallo. Da raɗaɗin ya ɗan lafa sai ta sayo wata kwalbar a ɓoye, ta koma gaban wuta da fatar da ko iska ba ta iya ɗauka. Wannan karon ba ta kai azahar ba aka rako ta gida, fuska a kumbure.

Ta warke daga baya, amma ba ta koma yadda take ba. Farin ya tafi, baƙin nan mai sheƙi bai dawo ba, sai dabbare-dabbare a kumatu kamar an ɗiga toka a kan gawayi. Har yau in ta matsa kusa da murhu fuskar zugi take. Maƙwabciyar ta riƙe gindin bishiyar, masu saye sun saba da hannunta. Ita kuwa tana zaune a inuwar zaure tana ɓare wa mutane gyaɗa, 'ya'yanta na wucewa ta gaban tandar kakarsu suna jin ƙamshi. Shi ya sa Hausawa suka ce garin neman gira an rasa ido.