Duwatsun da Baba Ya Manna a Zaure

Warin jiƙaƙƙen ƙaro har yau yana mayar da ni zauren gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi. Bayan ciwon ido ya raba Baba da aikin reluwe, sai ya shimfiɗa layin ɗan jirgin wasa a kan tebur, jikin bango. Ran nan da la'asar ya warware wata doguwar takarda mai hoton duwatsu. Ita ke nan gare shi, kuma in ƙaro ya kama ta, ba ta ɓamɓaruwa sai dai ta yage.

Ya shafe bayanta da ƙaro, ya ɗaga ta jikin bango, ya kira ni.

"Uwata, ɗora haɓarki a kan teburin nan, ki zama fasinja. Ina duwatsun suke?"

"Suna lilo a sama, Baba."

Ya riƙa yin ƙasa da ita a hankali, ƙaro na gangarowa gwiwar hannunsa, har gindin duwatsun ya zauna daidai bayan layin. Na ce, "Tsaya!" Nan take ya danna, bai ko ja baya ya duba ba.

Na ce, "Baba, mene ne a bayan dutsen can?"

"Ke da ke cikin jirgi? Ai ni zan tambaye ki."

Na shiga zuba masa: kasuwa, rafi, masu tallan rake. Ya jingina yana gyaɗa kai.

Yanzu da nawa idon ya fara hazo, nakan tambayi kaina ko Baba ya taɓa ganin duwatsun nan.