Ƙawanyar Gidan Sarkadi

Kowace safiya sai Etelka Sarkadi ta goge ƙawanyar ƙarfen da ke kafe a bangon gidansu, har ta ɗauki ƙyalli. Duk wanda tsautsayi ya sa ya tsaya gaishe ta, sai ya sha labari: a nan kakan kakanta yake ɗaure dawakin kekensa, zamanin da Babban Titi bai san takun talaka ba. Ƙawanyar ta yi ƙasa ƙwarai, ko gwiwa ba ta kai ba, amma Etelka ta ce dawakan da sun fi na yanzu ladabi.

Mutum iri biyu ta sani a duniya. Akwai 'yan cikin gari, akwai 'yan ƙetaren kogi, masunta jikokin masunta, waɗanda ko turare suka yi wanka da shi ƙarnin kifi ba ya barin su. Idan ɗan ƙetare ya zauna kusa da ita a coci, sai ta ja tsaki ta matsa da jakarta.

Sai ga Vilmos, ɗanta tilo, ɗan kuka mai jawo wa uwarsa jifa, ya haye gada ya auro Ilka, 'yar mai sayar da miyar kifi. Shekaru suka tura, Ilka na dafa mata abinci, tana kwashe mata ruwan da ke tsattsafowa a ɗakin ƙarƙashin ƙasa kowace bazara, tana tsince ɓawon katantanwa daga yashin lambu don furanni su kama. Ladanta kullum kallon hadarin kaji.

Abin da ya hana Etelka barci shi ne tsohuwar maƙabartar da ke bayan babban coci, can tsallaken Babban Titi. A nan mijinta Kornel yake kwance, a gefensa kuma akwai filin da ta tanadar wa kanta. Duk Lahadi tana zuwa ta cire ciyawa, ta ba shi labarin lalacewar zamani. Son gaskiya take yi masa, ba ta da burin da ya wuce ta kwanta kusa da shi. Amma da ta tuna wata rana za a kawo Ilka a shimfiɗe ta a ƙafafunsu, sai zuciyarta ta tashi.

Da filin binnewa ya fara ƙarewa a maƙabartar, kwamitin coci ya zauna neman mafita. Etelka, wadda ita ma 'yar kwamitin ce, ta miƙe da tata shawarar: kada a ƙara binne kowa sai wanda gidan kakanninsa ya fito a gefen kogin da coci yake, cikin taswirar gari mafi tsufa. 'Yan ƙetare su koma tasu maƙabartar ta fadama, inda akwatin gawa ke iyo.

Fada Ambrus, limamin cocin, ya ce, "Uwargida, to wadda ta auri ɗan gari fa?"

Ta ce, "Fada, aure ba ya wanke asali. Me ya haɗa kifi da kaska? A rubuta: ba sani ba sabo, ko matar wa ce."

"Bari a kawo taswirar tukuna mu duba."

"A'a, yau za a ɗaga hannu. In aka jira, kowa zai shigo da ɗan'uwansa ta taga."

Tsofaffin kwamiti, waɗanda suka fi tsoron bakinta a kan wutar lahira, suka ɗaga hannu. Ita ta fara sa hannu a takardar, da manyan baƙaƙe.

Ranar da aka aro taswirar daga gidan adana tarihi, zauren coci ya cika. Etelka ta sa baƙar rigarta ta alfarma, ta kuma tilasta wa Ilka rakiya, wai ta riƙe mata laima, alhali so take Ilka ta gani da idonta. Aka warware takardar a kan dogon tebur, ta yi ja don tsufa, aka danne kusurwoyinta da fitilu. An zana kowane gida da sunan mai shi a jiki.

Etelka ba ta jira Fada ba. Ta gyara tabarau, ta gano hasumiyar coci, ta bi da yatsa ta tsallake wata faffaɗar hanya mai lanƙwasa, lanƙwasar da ta sani tun tana rarrafe. Yatsan ya tsaya.

"Ga shi! Sarkadi! Ga Babban Titi, ga gidanmu a bakinsa, daidai inda yake yau. Ilka, matso ki nemo naku, in an taɓa zana bukka."

Zauren ya yi tsit. Fada Ambrus ya cire tabaransa ya shiga gogewa, ya ƙi ɗago kai. Etelka ta ɗauka kwarjinin asali ne ya rufe musu baki.

Ilka ta sunkuya, ta daɗe tana duban inda yatsan surukarta yake. Sannan ta ce a hankali, "Mama, tun yaushe ake zana kifi da kwalekwale a tsakiyar titi?"

A zamanin da aka yi taswirar, ba a riga an karkatar da ruwa zuwa bayan gari ba, ba a cike tsohuwar hanyarsa an shimfiɗa titi a kai ba. Abin da ya raba gidan Sarkadi da coci kogi ne, kuma a jikin bangon gidan, daidai wurin ƙawanyar da Etelka ke gogewa kowace safiya, mai zanen ya ɗaure ɗan kwalekwalen masunci.